Daga bayan kanta zuwa gaban alƙali: yadda muka karɓo ƙanena bayan hatsaniyar jajibirin sallah

Ranar Asabar 29 ga Maris 2025, jajibirin ƙaramar sallah, ina tsakar gida ina suyar cincin wajen ƙarfe huɗu na yamma, sai wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar yaro ce, ya ce an jefa ƙanena a motar 'yan sanda an tafi da shi daga wajen Sabon Gari. Kafin in ce wane ofishi, ya katse. Daga wannan kira zuwa ranar da ƙanena ya kwana a ɗakinsa kwana goma ne, kuma kusan rabinsu rashin sanin hanya ne ya ja mana. Shi ya sa nake rubuta abin daki-daki, ko wani zai huta da wahalar da muka sha.

Sai an tuna halin da gari yake ciki a ranar kafin a gane yadda ƙaramar magana ta zama babba. Kwana biyu kafin nan aka tare wasu mafarauta a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar dawowa gida sallah daga Jihar Ribas, aka yi musu lakabin masu garkuwa da mutane saboda bindigogin farauta da ke tare da su, aka kashe mutum 16. Da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne. Bidiyon kisan yana cikin wayar kowa, a majalisa shi ake yi, a masallaci bayan asham shi ake yi. Ga kuma 'yan sanda sun sanar da hana hawan sallah. Ga azumi, ga zafin Maris, ga cunkoson masu sayayya. Ƙanena ɗan adaidaita sahu ne. A cikin wannan cunkoso ya gogi motar wani ɗan kasuwa ɗan ƙabilar Ibo, fitilar baya ta fashe. Mutumin ya fito ya ci kwalarsa, aka fara musayar yawu irin wadda ake yi sau ɗari a rana a titunan Kano a watse. Amma a ranar sai wani daga bayan taro ya ɗaga murya ya ce irinsu ne suka ƙona mana 'yan uwa. Kafin ka ce kwabo dutse ya sauka a gilashin gaba. 'Yan sintiri suka iso, suka harba barkonon tsohuwa, suka kwashi mai motar da ƙanena da wasu samari huɗu. Duk ƙorafin da zan yi nan gaba, wannan na yarda da shi: da ba su iso a lokacin ba, da wani labarin ake ba da wa yanzu.

Aikin farko shi ne gano inda yake, kuma shi ya cinye mana yammacin gaba ɗaya. Ni da Kawu, yayan mahaifinmu, muka je caji ofis biyu, kowanne a duba littafi a ce babu mai wannan suna. A bakin titi muka sha ruwa da dabino uku da fiya wata. Sai a ofishi na uku na hango adaidaitarsa a harabar an sace mata iskar taya, na gane ta da lambar da ke jikinta. A nan ma da farko cewa aka yi babu shi, ashe da aka tambaye shi suna laƙabin da 'yan tasha ke kiransa da shi ya bayar, mu kuma sunan yanka muke ta faɗa. Da tun farko tashar da yake lodi muka nufa, da shugabannin 'yan sahu sun faɗa mana wurin cikin minti biyar, domin su labari ya riga ya kai musu.

Ba a bari na gan shi ba a daren. Na miƙa abincin shan ruwa a kanta, aka ce in ɗanɗana tukuna, na ɗanɗana, aka shiga da shi. Na tambayi wanda ke riƙe da maganar, wato IPO, aka ce ya fita, sai da safe. Wani kofur mai ɗan sauƙin kai ne ya ce mini a hankali, "Hajiya, ai ya riga ya ba da sitatimen." Ban ɗauki wannan da muhimmanci ba. Daga baya na gane nan ne gizo ke saƙa. Ƙanena ajin uku na ƙaramar sakandare ya tsaya. An yi masa tambayoyi da Hausa, an rubuta da Turanci, an ce sa hannu, ya sa, yana ganin da ya sa za a sallame shi ya tafi gida shan ruwa. A cikin takardar an rubuta cewa shi da sauran samarin tare suke, alhali ko sunayensu bai sani ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa, ya kuma ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. Babu wanda ya san haka a gidanmu, har ni da nake koyarwa a firamare shekara goma sha huɗu.

Ranar Lahadi ana saukowa daga idi muka koma. Mun zauna a benci daga ƙarfe goma har bayan azahar kafin DPO, wato shugaban ofishin, ya ba mu minti biyar. Kawu ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan marayana ne, a taimaka a ba mu shi ya yi sallah a gida, duk ranar da ake nemansa ni zan kawo shi." Mutumin bai yi mana wulaƙanci ba. Ya ce, "Baba, da goge mota ne kawai da tun jiya na sallame shi. Amma an ambaci Uromi a wurin, kuma umarnin da nake da shi duk abin da ya taɓa wannan batu ba na ba da beli a nan." A bangon da ke bayansa an manna takarda da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. Da na ce ni ma'aikaciyar gwamnati ce zan iya tsaya masa, wani da ke gefe ya ce mace ba ta karɓar beli. Na yi shiru domin na ɗauka haka dokar take. Ba haka ba ne: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa ba za a hana mutum tsaya wa wani ba don kawai mace ce, kuma daga baya kotu ta karɓe ni ba tare da wani ya ɗaga gira ba.

Da muka fito, wani mutum cikin farar shadda da ke zaune a ƙarƙashin bishiyar ƙofar ya biyo ni. Ya san sunan ƙanena, ya san lambar adaidaitar, ya ce shi yana shiga wurin oga kai tsaye, in kawo dubu hamsin kafin magariba yaro yana gida. Na ba shi dubu ashirin da ke jakata, kuɗin da na ware na barka da sallar yara. Har yau ban sake sa shi a ido ba, kuma da na tambaya a kanta aka ce ba ma'aikacinsu ba ne. Ina jin kunyar faɗa, amma gara in faɗa.

A daren sallar ne aka kusa yin ɓarnar da ta fi kamun kansa. Labari ya zo mana cewa tun daren Asabar an sallami mai motar. Gida ya ɗau zafi. Wani ɗan ƙanwar mahaifiyarmu da ke harkar siyasa a Facebook ya zo da bidiyon hatsaniyar da wani ya ɗauka, har ya rubuta abin da zai ɗora a kai: an saki Inyamuri an tsare Bahaushe a garin ubansa. Ya ce yana da mutanen da za su yaɗa shi, kafin safiya sai an kira DPO daga sama. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta karkata. Kawu ne ya miƙa hannu ya karɓi wayar ya kife ta a tabarma. Ya ce shi yana da rumfa a bakin Sabon Gari a watan Oktoban 1991 lokacin rikicin zuwan mai wa'azin nan Reinhard Bonnke, yana nan kuma a watan Mayun 2004 da aka ce za a rama kashe-kashen Yelwan Shandam a Kano. Ya ce duka biyun da magana suka fara, kuma da wuta ta tashi ba ta tambayi rumfar waye ba, tasa ma ta ci. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ke kin manta yaran da aka kwasa a zanga-zangar watan Agusta? Wata uku ba a gan su ba sai a kotu a Abuja suna faɗuwa. In maganar nan ta yi ƙara, daga hannun DPO za ta fita, kuma ba mu san inda za ta tsaya ba." Wannan ce ta sanyaya mini jiki, domin hotunan yaran nan na ranar 1 ga Nuwamba 2024 ba su bar idona ba.

Maganar sakin mai motar kuwa, har yanzu tana ɗan yi mini zafi, amma da na bi diddigi na ga inda bambancin yake. Cikin awa ɗaya da kama shi shugaban ƙungiyarsu ta kasuwa ya iso da lauya, aka rubuta shi a matsayin mai ƙara. Mu kuwa a lokacin muna yawon neman ofishi.

Litinin da Talata hutun sallah ne, kotu ba ta zama. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, amma ranar hutu babu alƙalin da za a kai wa. A ranakun ne gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya, gari ya ɗan lafa. Mai unguwarmu ya ba da shawarar kada mu zauna jiran Laraba, mu nemi mai motar. Shugaban 'yan sahu na tashar ya samo shagonsa, muka tafi mu huɗu ranar Litinin da hantsi. Shagon kayan gyaran mota ne, ƙofa ɗaya a buɗe ɗaya a rufe. Da ya gan mu ya miƙe tsaye, na ga hannunsa na rawa a kan kanta. Kawu ya yi sallama ya ce ba da faɗa muka zo ba. Sai mutumin ya amsa da Hausar da ta fi tawa Kananci, ya ce a Sabon Gari aka haife shi, nan ya yi firamare. Ya aika yaro ya kawo mana lemo. A bayan kanta na hango jakunkuna uku a ɗaure, ya ga ina kallo, ya ce matarsa ce ta haɗa tun daren Asabar, ta ce ko ya bi ta tashar New Road ko ta tafi da yara. Sannan ya ce, "Baba, ni ban ce yaronka ya jefe ni ba. Na ci kwalarsa, wannan laifina ne. Amma da aka fara jifa shi ne ya tsaya a ƙofar motata yana cewa ku bari, ku bari." Kawu ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ce komai ba. Aka yi lissafin gyara, fitila da gilashi dubu tamanin da biyar, ya ce fitilar kawai za mu biya, dubu talatin, tunda ba ƙanena ya fasa gilashin ba. Aka rubuta a takarda, shi da Kawu suka sa hannu, mai unguwa da shugaban ƙungiyarsu suka shaida.

Mun ɗauka shi ke nan. Ranar Laraba muka kai takardar sulhun caji ofis tare da mai motar da kansa, sai IPO ya ce an riga an shirya takardun kotu, gobe za a gurfanar da su. A nan na koyi cewa ba kowace ƙara ce mai ƙara ke iya janyewa ba. Ɓarnar dukiya tsakaninka da mai dukiya ce, in ya yafe ta wuce. Amma haɗa baki da tayar da hankalin jama'a hukuma ce ke ƙara, kuma su aka rubuta. A daren muka nemi lauya ta hannun shugabar makarantarmu, ya ce dubu sittin, muka ba da rabi. Shi ya faɗa mini cewa akwai hukumar Legal Aid ta gwamnatin tarayya mai ba marasa hali lauya kyauta, tana da ofishi a Kano, kuma da tun ranar Asabar muka nemi lauya da ba a rubuta sitatimen ɗin yadda aka rubuta shi ba.

Ranar Alhamis tun ƙarfe takwas muna harabar kotun majistare. Ba a kira su ba sai kusan ƙarfe ɗaya. Nan na fara ganin ƙanena da kyau tun ranar Asabar, da rigar da ya fita da ita, babu takalmi, idanunsa sun faɗa. Aka karanta takardar tuhumar da suke kira FIR, tafinta ya fassara, alƙali ya tambaye su ko sun fahimta, ko gaskiya ne. Lauya ya riga ya ja masa kunne cewa ya amsa abin da aka tambaye shi kawai, kada ya shiga ba da labari ko roƙon afuwa, domin "a yi haƙuri" a gaban alƙali tana iya zama amsa laifi. Ƙanena ya ce ba gaskiya ba ne. Lauya ya nemi beli, mai gabatar da ƙara ya yi suka, ya ce gari bai gama lafawa ba. Alƙali ya sa Litinin don yanke hukunci kan belin, ya ce a ajiye su a gidan gyaran hali. Duka zaman bai kai minti goma sha biyar ba. Ina tsaye aka sa shi a mota, ya ɗago mini hannu ya ce, "Yaya, ki ce wa Umma lafiyata ƙalau." Ban iya amsa masa ba.

Ranar Litinin 7 ga Afrilu aka ba da belinsa a kan naira dubu ɗari biyu da mutum biyu masu tsaya masa, ɗaya ma'aikacin gwamnati, ɗaya mai gida a cikin birni. Da na faɗa wa Umma a waya, kafin in iso gida har ta ciro 'yan kunnenta na gwal ta aika a kira dillaliya. Ashe ba kuɗi ake ajiyewa ba. Alƙawari ne kake sa wa hannu cewa in wanda ka tsaya wa ya gudu, za a bi ka wannan adadi. Abin da aka nema a wurina shi ne hoto biyu, katin shaidar aiki, takardar ɗaukar aiki, takardar albashin watan da ya wuce, da katin ɗan ƙasa. Kawu kuma hoto biyu, katin ɗan ƙasa, takardar gida, takardar kuɗin wuta da wasiƙar mai unguwa. Kowannenmu ya yi takardar rantsuwa a rajistara. Tunda lauya ya faɗa mana tun ranar Alhamis, komai yana cikin jakata har da kwafi bibbiyu. Iyalan biyu daga cikin sauran samarin ba su shirya ba, yaransu sun ƙara mako guda a ciki. Sai kuma aka haɗa mu da ma'aikacin kotu ya je ya ga gidan Kawu da makarantarmu da idonsa, mu muka biya kuɗin abin hawa, dubu biyar. Kafin mu dawo alƙali ya tashi, takardar saki ba ta samu sa hannu ba. Sai washegari Talata aka sa, muka bi ma'aikacin har ƙofar gidan gyaran hali, muka jira awa biyu a rana. Wajen la'asar ƙaramar ƙofar ta buɗe ya fito yana riƙe da wandonsa da hannu ɗaya, saboda ya rame kuma an karɓe bel ɗinsa tun a caji ofis.

Shari'ar kanta ta ɗauki zama huɗu cikin wata uku. Sau biyu mai gabatar da ƙara yana cewa shaidunsa ba su zo ba. A zama na uku mai motar ya rufe shagonsa ya zo, ya faɗa wa alƙali abin da ya faɗa mana, aka karɓi takardar sulhun. A na huɗu aka sallami ƙanena. Lauya ya ce kada mu bar harabar sai mun nemi kwafin hukuncin mai hatimi, kuma ya yi gaskiya, domin da shi muka karɓo adaidaitar. Ta kwashe duk wannan lokaci a harabar caji ofis a matsayin shaida, batir ya mutu, tayoyi biyu sun tsage, madubi ɗaya babu. Mai ita ya yi mana adalci ya yafe balas ɗin kwanakin da ƙanena yake tsare, amma na sauran watannin sai da aka zauna aka raba asarar. In na haɗa lauya, gyaran fitila, abinci, zirga-zirga, takardu, gyaran adaidaita da dubu ashirin ɗin mai farar shadda, mun kashe abin da ya haura albashina na wata biyu.

Da zan sake bin wannan hanya, Allah ya kiyaye, awa ta farko zan fi ba muhimmanci. A cikinta ake yanke wanda zai zama mai ƙara da wanda zai zama wanda ake ƙara, a cikinta ake zaɓen kalmar da za a rubuta, kuma kalmar ita ce ke bin mutum har gaban alƙali. A lokacin da gari ke ɗar-ɗar, jami'in da ke kanta ma tsoron kansa yake ji, gara masa ya rubuta tuhuma mai nauyi ya tura gaba da a ce shi ya saki wanda ya tayar da rikicin ƙabilanci. Don haka a fara da kiran lauya da shugaban ƙungiyar sana'ar mutum kafin a fara kiran dangi. A koya wa yara, musamman masu aikin titi, su ba da sunan da ke katinsu, kuma kada su sa hannu a abin da ba a karanta musu ba. Duk wanda ya tare ka a ƙofa ya ce ya san oga, ka tambayi sunansa da muƙaminsa a kanta a gabansa. A nemi ɗaya ɓangaren da wuri, ta hannun manya, a kuma rubuta abin da aka cimma, ko da ba zai hana zuwa kotu ba. Takardun beli kuwa a tara su tun ranar da aka ce za a kai kotu.

Bidiyon nan har yanzu yana cikin wayar ɗan uwan namu, ya ce bai goge ba. Na kalle shi sau ɗaya bayan komai ya wuce. Daƙiƙa arba'in ne, ya fara daga inda mai motar ya ci kwalar ƙanena, ya ƙare a inda ake tura ƙanena cikin motar 'yan sanda. Wurin da ya tsaya a ƙofar motar yana cewa ku bari ba ya ciki, domin a lokacin mai ɗauka ya juya wayar wajen masu jifa.